Kafin Mai Ƙosai Ta Riga Ka

Ɗana, matso kusa, akwai maganar da nake so mu yi tun kana da sauran shekaru a makaranta. A wasu jami'o'in Amurka da Birtaniya ana ba da wata kyauta duk shekara wadda ba ruwanta da makin jarrabawa. Wanda ya ci ta bai rubuta littafi ba, bai ƙera na'ura ba. Littattafai ya tara da ɗan abin da ke aljihunsa, ya kuma iya zama gaban alƙalai ya faɗi dalilin da ya sa ya ɗauki waɗannan ya bar waɗancan. Na san abin da zai fara zo maka a rai, cewa wannan shagalin waɗanda suka ƙoshi ne. Ka dakata ka ji yadda abin yake tukuna, don a ganina ya fi dacewa da ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki fiye da wanda ake kawo wa abinci a mota.

Al'adar ta kwana biyu. A shekarun 1930 wani attajirin Filadelfiya mai suna A. Edward Newton, wanda ya yi arziki a sana'ar kayan lantarki ya kuma yi suna wajen tara littattafai, ya assasa irin wannan gasa a kwalejin Swarthmore, kuma har yau ana yin ta da sunansa. Ita ce mafi daɗewa a Amurka. A 1957 wani tsohon ɗalibin Yale, Adrian Van Sinderen, ya ba jami'arsu kuɗin da za a riƙa yin tata. Harvard na da wadda ke ɗauke da sunan Philip Hofer. Da gasannin suka yawaita, a 2005 wata mujallar masu sha'awar littattafai ta haɗa ta ƙasa baki ɗaya, inda zakarun jami'o'i ke karawa, a kuma miƙa kyautar a babban laburaren Majalisar Dokokin Amurka da ke Washinton. Turai ta makara. Sai a 2006 Farfesa James Marrow da Dakta Emily Rose suka kafa wa Cambridge tata don karrama iyayen ita Emily, aka sa fam 500 ga wanda ya yi nasara. Oxford ta biyo baya da wadda aka sa wa sunan Colin Franklin, wani dattijon dillalin littattafai, wasu jami'o'in ma suka bi sahu.

Sunayen nan ba sai ka haddace su ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne sharaɗin da Cambridge ta rubuta ƙarara, wanda sauran ma kusan a kansa suke tafiya: tsadar littattafan ba ta cikin abin da ake aunawa. Alƙalan suna duba basirar da aka sa wajen zaɓe, da yadda littattafan suka dace da juna, da nacin da mai su ya yi kafin ya same su, da kuma yadda ya kula da su. Ɗalibi zai kawo jerin abin da ya mallaka, da ɗan bayani a kan kowane, sannan ya rubuta gajeriyar maƙala a kan abin da ya haɗa su wuri guda. Da yawa daga cikin gasannin suna ƙara neman wani jerin, na littattafan da bai samu ba tukuna amma yake farautarsu. Wannan jerin na biyu shi ke tona asirin mutum, domin wanda bai san fagensa ba ba zai san abin da ya rage masa ba.

Ɗauki ɗalibai biyu. Na farko kantarsa cike take da littattafai ɗari biyu: na kwas da aka tilasta masa saya, na dabarun yin kuɗi da wani kawunsa ya ba shi, ƙamus biyu, tarihin wani shugaba da aka raba a wajen taro. In ka tambaye shi me ya haɗa su, amsar ita ce shi ne mai su. Na biyu guda talatin kacal gare shi, duk sun sha hannu, babu wanda ya saya da kuɗin da ya kai na kwanon shinkafa a lokacin. Amma dukansu littattafan koyon karatu ne da aka yi wa yaran Hausawa, tun daga su Ka Koyi Karatu har zuwa na firamaren yau, kuma zai iya buɗe maka su ya nuna maka yaushe hoton yarinya da jakar makaranta ya fara shiga, yaushe kwabo da sule suka ba naira wuri a darasin lissafi, wane bugu ne ya gyara rubutun ƙ da ɗ, wanne ne ya yi watsi da su. Na biyun shi ke cin kyautar a ko'ina ake yin ta. Yana da tambayar da yake bi, kuma kowane littafi da ya ƙara wani yanki ne na amsar.

Kada wani ya ce maka wannan ɗabi'ar Turawa ce da za mu ara. Lokacin da sojojin Maroko suka kama Ahmad Baba na Tumbuktu suka tafi da shi Marakish a 1594, daga cikin abin da ya yi kuka da shi har da littattafansa 1,600 da aka wawashe, kuma ya ce nasa ne mafi ƙanƙanta a cikin danginsu. Waziri Junaidu a Sakkwato ya kwashe rayuwarsa yana adana rubuce-rubucen mutanen Shehu, kuma da taskarsa manazarciya Jean Boyd ta dogara sosai wajen tattara ayyukan Nana Asma'u. A Nijar, Boubou Hama yana shugaban majalisar dokoki amma bai fasa aika mutane gari-gari neman tsofaffin takardun Larabci da ajami ba, su ne suka zama tushen taskar da ke jami'ar Yamai a yau. Abin da Turawa suka ƙara shi ne sun lura cewa wannan hali tun ana saurayi ake ɗaukarsa, sai suka sa masa ɗan tukuici don ya kama ƙasa da wuri.

To, kai me za ka tara? Tsofaffin bugun Shakespeare sun fi ƙarfin aljihunka, kuma dubban mutane sun riga ka. Fagenka yana nan kusa da kai, a cikin abin da kowa ke rainawa. A 2017 wani shagon tsofaffin littattafai a Brooklyn mai suna Honey & Wax ya fara ba da dala 1,000 ga matasan mata masu tara littattafai. Ka san abin da ya ci kyautar farko? Tarin littattafan soyayya na Amurka na shekarun 1920 da 1930, irin waɗanda manyan masana na zamaninsu ba sa ko kallo. Da na ji haka, tunanina bai tsaya ko'ina ba sai kan littattafan da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta irin su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, da ɗaruruwan da ba a ji sunansu sosai ba, suka riƙa buga labaransu da kuɗinsu suna kai wa 'yan kasuwa. Babu kamfanin da ya ajiye kwafin kowane. Marubucin kansa sau da yawa in ka je wurinsa neman bugun farko, zai ce maka wani ya ara bai dawo da shi ba.

Bari in nuna maka yadda ake kallon ɗaya daga cikinsu, don a nan aikin yake. Ka ɗauko shi, ɗan siriri, takardar ta yi ja don tsufa, 'yan wayoyi biyun da aka ɗinke shi da su a tsakiya sun yi tsatsa har sun ɓata shafin. Ka duba gaba ka duba baya, babu shekarar bugu, domin da yawansu ba a sa musu ba. Mai gaggawa a nan zai ajiye. Kai kuwa sai ka buɗe shafin da marubuciyar ta sa adireshinta. In ka ga lambar tarho mai farawa da 064, ta gidan waya ce ta Kano, alama ce ta kafin wayar salula ta game gari. In ka ga lambar salula ta GSM, to littafin bai riga 2001 ba, don a shekarar ta shigo Nijeriya. In an rubuta Gusau a jihar Sakkwato, an buga shi kafin a ƙirƙiri Zamfara a 1996. In an sa Haɗeja a jihar Kano, kafin 1991 ke nan. Ka juya shafin ƙarshe inda ake jera littattafan marubuciyar da suka fito da waɗanda ke nan tafe: da wannan za ka gane wanne ya riga wanne, wani lokaci ma ka ci karo da sunan littafin da aka yi alkawarinsa amma bai taɓa fitowa ba. Ka karanta sadaukarwa da godiya da tukuici, waɗanda masu karatu ke tsallakewa. A nan za ka ga wa ya duba mata rubutun, wace ƙungiyar marubuta take ciki, Raina Kama ce ko wata, wane ɗan kasuwa ne ya ɗauki nauyin bugun.

Sannan ka duba abin da masu karatu suka bari. Hatimin shagon haya a shafin farko. Farashin da aka rubuta da biro aka soke aka sake rubutawa. Sunayen 'yan mata uku ko huɗu a cikin bango, kowace da nata rubutun hannu da sunan makarantarta. Dillalin littattafan Turawa zai ce waɗannan sun rage wa littafi daraja. Ni a wurina su ne shaidar hannun da ya bi, kuma ɗalibin da ya iya karanta su ya san abin da ba a koya masa a aji ba. Ka kuma tuna yawancin labaran nan kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku. Na ɗaya ba ya wuyar samu. Haɗa su cif, duk bugu ɗaya, shi ne inda nacinka zai bayyana.

Kana ganin suna da yawa, ba za su ƙare ba? Haka mutanen Onica suka ɗauka game da 'yan ƙananan littattafan Turanci da ake sayarwa a kasuwarsu a shekarun 1950 da 1960. Yaƙin basasa ya zo, kasuwar ta ƙone, harkar ba ta sake komawa yadda take ba. Yau mai son nazarinsu yakan koma ga abin da laburaren ƙasashen waje suka adana, irin na Jami'ar Kansas. Mu ma nan a 2007 an tara littattafan hikaya an cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Ba na cewa duk abin da aka rubuta a cikinsu abin yabo ne, akwai shirme tuli. Amma wanda zai rubuta tarihin yadda matan Arewa suka yi tunanin aure da kishiya da karatun boko a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, da shirmen da mai kyaun duk zai buƙata. Kuma wutar hukuma ba ta ci ko kaɗan daga abin da gara da damina da masu ƙosai da masu tsire suke ci kullum ba tare da kowa ya ɗaga murya ba.

In ranka bai kwanta da hikaya ba, fage a buɗe yake. Tsakanin 1954 da 1959 hukumar NORLA a Zariya ta buga ƙananan littattafai masu yawa na yaƙi da jahilci, kan noma da kiwon lafiya da sana'o'i da tarihin garuruwa, ga jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, kuma akwai gidajen tsofaffin malaman makaranta da har yanzu ake samun ɗaurinta a ƙarƙashin gado. Akwai Alfijir da aka riƙa bugawa da ajami a Kano. Akwai mujallun fim na farko-farko, su Tauraruwa da Fim, na ƙarshen shekarun 1990. Akwai littattafai biyar da gasar Rupert East ta 1933 ta haifar, Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, waɗanda aka yi ta sake bugawa, kowane bugu da nasa bango da nasa zane. Mutum zai iya tsayawa kan Ruwan Bagaja kaɗai ya tara bugunsa daban-daban, ya ga abin da ya canza. Ga 'yan littattafan waƙoƙin wa'azi na ajami da ake shimfiɗawa a bakin masallacin Juma'a da kasuwar Kurmi. Waɗannan sun fi saurin ɓacewa, domin in sun tsufa mutane kan ƙone su ko su binne don girmama sunan Allah da ke ciki. Niyyar mai kyau ce, amma waƙar wani malamin ƙauye da ba a taɓa buga ta sau biyu ba takan tafi a haka. Ka zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, ɗaya tak, ka kuma matse shi: gari ɗaya, ko marubuci ɗaya, ko shekaru goma.

Akwai wani malami ɗan kasuwa a Kano, Umar Falke, wanda ya rasu a 1962. Ya yi fatauci, ya yi karatu, ya yi rubutu, ya bar taska mai ɗauke da takardu da littattafai fiye da 3,000, mafi yawansu rubutun hannu. Taskar tana nan a haɗe ba ta watse ba, amma a Jami'ar Northwestern take, kusa da Chicago. Ban ga laifin waɗanda suka adana ta ba, don da ba su yi ba wa ya san inda za ta kwana. Abin da ke damuna shi ne ɗalibin da ke zaune a unguwar da mutumin nan ya rayu sai ya nemi biza kafin ya taɓa takardar da aka rubuta a bayan gidansu. Ka san kuma akwai irin Umar Falke da yawa da ba wanda ya zo neman nasu, 'ya'ya suka raba gida, aka zuba gafakokin a buhu aka jingine a zaure.

Ke kuma 'yata, kada ki ɗauka da ɗan'uwanki kaɗai nake. A wannan fage kin fi shi dama nesa ba kusa ba. Littattafan nan a ɗakunan mata suka kwana. Suna cikin akwatunan gwaggonninki da yayyenki, ƙarƙashin zannuwan da aka daina ɗaurawa, inda namiji ba shi da hanyar zuwa. Ke ce za ki zauna da mai su ki tambaye ta a ina ta saya, wa ya ara mata na farko, me ya faru ranar da aka kama ta da shi a makarantar kwana. Ki rubuta abin da ta faɗa miki ki haɗa da littafin. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, kuma daga nan zuwa yau mata sun rubuta abin da ba a taɓa ƙirga shi yadda ya kamata ba. In aure ya zo, ki sa littattafanki cikin lissafin kayan da za a kai miki, ki faɗa da bakinki, don in kin yi shiru su ne abin farko da za a ce ba wuri a mota.

Na san za ka ce duk wannan wahalar ta mece ce, alhali wayarka cike take da littattafai. Ka ci gaba da karanta su, ban hana ka ba. Amma abin da ke cikin waya aro ne. Manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suka zuba ayyukansu, ta rufe a ƙarshen 2023. Labaran da ake turawa a WhatsApp shafi-shafi, waya ɗaya ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya fizge, shi ke nan. Hoton littafi kuma ba ya nuna maka nauyin takardar, ko irin ɗinkin, ko abin da aka rubuta a cikin bango, don mai ɗaukar hoton labarin kawai yake so. In ma so kake ka yi abin da ba a saba ba, ka zaɓi marubuciyar intanet guda, ka nemi izininta, ka buga labaranta a takarda da ranar da kowane ya fito, ka ɗinke. Nan da shekara ashirin wataƙila kwafinka ne kaɗai zai rage.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau, domin son littafi yana da nasa ɓarnar. Na ga mutanen kirki, masu salla a sahun gaba, waɗanda ba za su ɗauki naira ɗaya ta wani ba, amma kantarsu cike da littattafan aro da ba su mayar ba, wasu ma da hatimin laburare a jiki. Sata ce, ko da mai yin ta farfesa ne. Duk littafin da ka gani a kasuwa da hatimin makaranta ko laburare, in babu alamar su suka fitar da shi da kansu, ka bar shi. Wanda aka rubuta wakafi a kansa ba na sayarwa ba ne, ba na mallaka ba ne. In malami ya rasu, littattafansa dukiyar magada ce, har da marayun da ba su san darajarsu ba. Kada ka lallaɓa wurin matar mamaci tana cikin takaba ka karɓe su a kan kuɗin goro. Ka jira a raba gado, ka faɗa wa mai rabon gaskiyar abin da ke hannunsa, in ya yarda ya sayar ka biya abin da ya dace, in bai yarda ba ka roƙi izinin ɗaukar hoto ka yi godiya. Kada kuma ka taɓa kuɗin makaranta ko na abinci don littafi. Kuɗin katin waya na kwana biyu ya ishe ka ka fara, in dai kana zagawa wurin masu gwanjon littattafai a kai a kai har su san fuskarka su riƙa ajiye maka.

Ka karanta abin da ka tara. Akwai masu tarawa don a shigo a ce kai, wane akwai littattafai, kuma alƙalan gasannin can tambaya biyu suke yi su gane irinsu. Kada kuma ka zama mai ƙulle ƙofa. In ɗan'uwanka ɗalibi yana rubuta kundinsa ya buƙaci wani abu a wurinka, ka ba shi wuri ya zauna ya karanta ko ya ɗauki hoto. Wanda ba ka da na biyunsa dai kada ya fita daga ɗakin, ko wa ya aiko.

Adana su ba ya buƙatar kuɗi. Ka ɗaga su daga ƙasa, ka janye su daga jikin bango, don ta nan gara da danshi ke shigowa. Akwatin ƙarfe a kan bulo ya fi kwali. Kada ka ƙulle su a leda da damina, gumi suke yi su yi funfuna. Kada ka manne yagaggen shafi da salatef, bayan 'yan shekaru zai bar tabo mai ruwan ƙasa ya cinye rubutun. Ka sa shi a cikin farar takarda ka naɗe yadda yake. Kada ka yanke gefen littafi don ya yi kyau, kada ka cire tsohon bango ka sa sabo. In za ka rubuta wani abu a jiki, da fensir. Duk wata biyu ka buɗe akwatin ka kaɗe ƙura ka duba ko kyankyaso ya yi gida.

Sai babban abin, wanda in babu shi duk sauran tarkace ne: ka sayi littafin rubutu mai kauri ka mai da shi rajista. Kowane littafi ya shigo, ka ba shi lamba, ka rubuta sunansa da na marubucin yadda suke a bango, da maɗaba'a, da gari, da yawan shafuka, da shekara in akwai. In babu, ka rubuta hasashenka da dalilinka, ka kuma nuna cewa hasashe ne. Ka ƙara da inda ka same shi, da ranar, da nawa ka biya. A ƙarshen rajistar ka ware shafuka na waɗanda kake nema. A shafin farko kuma ka rubuta inda kake so a kai su in ta Allah ta kasance, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko laburaren jami'arku, ko wani ɗalibi da ka yarda da shi, ka kuma sanar da mutanen gidanku. Kada ka ce ai da sauran lokaci. Shi kansa Newton da ya fara gasar, ya rasu a 1940, a 1941 aka yi gwanjon taskarsa a New York, kowa ya ɗauki abin da kuɗinsa ya kai.

Ba sai ka jira wani attajiri ya kafa muku gasa ba, kodayake in kana da kawu mai hali ka gaya masa cewa yawancin waɗancan kyaututtukan mutum ɗaya ne ko iyali ɗaya suka ɗauki nauyinsu. Kuna da ƙungiyar ɗaliban Hausa, kuna yin Makon Hausa. Ku je wurin shugaban sashe ku roƙi teburi uku a zauren taron. Duk mai son shiga ya kawo littattafai goma zuwa ashirin a kan magana ɗaya, da jerinsu, da bayanin shafi biyu. Ku nemi alƙalai uku: malami ɗaya daga sashen, ma'aikacin laburare ɗaya, da wani tsohon mai sayar da littattafai daga kasuwa, don shi zai gane bugun farko daga nesa, ya kuma san wanda aka yi satar bugunsa. Ku rubuta a takardar sharuɗɗa cewa tsada ba ta cikin lissafi, kuma duk littafin da aka gani da hatimin laburare ya fitar da mai shi daga gasar. Kowane ɗan takara ya koma da littattafansa, amma ya bar kwafin jerinsa a laburaren sashe, a sa a fayil ɗaya, shekara mai zuwa a ɗora na gaba a kai.